Raƙuma ɗari na sukari: tarihin zaƙi daga hanyar Kusada zuwa cikin cikinmu

1/ Duk wanda ya ce cikinsa na kumbura ko murɗawa a dandalin nan, kafin minti biyar an rufe shi da shawara iri ɗaya: ka bar sukari, ka koma zuma da dabino irin na kakanni. Yau ina so mu bi sawun wannan "irin na kakanni" ɗin, tun daga Kankiya da Kusada inda na fito. Me suka sha da gaske? Nawa suka sha? Shawarar ta dace da kowane ciki kuwa? Zaren na da tsawo, a gyara zama.

2/ Mu fara da wani baƙo da ya ratsa ta ƙofar gidanmu. A ƙarshen Janairun 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya bar birnin Katsina ya nufi Kano. Ta Kusada ya bi, ya wuce Bichi, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. Ƙasar ta burge shi ƙwarai: gonaki, manyan itatuwa, garken shanu, ga masu sayar da abinci a bakin hanya.

3/ Mutumin akwai bin ƙwaƙƙwafi. Da ya zauna a Kano sai ya shiga lissafin kayan da ke shigowa kasuwa daga arewa ta hamada. Akwai yadi daga Ingila, takubba daga Jamus, takarda, duwatsun wuya, sannan ga sukari na Faransa. A ƙiyasinsa, kayan raƙuma kamar 100 na sukari ke shigowa a shekara. Kowane raƙumi na ɗauke da ƙananan kantu 80, kowane kantu nauyinsa ya ɗan haura kilo ɗaya.

4/ Ku ɗauko kalkuleta. Kantu 8,000 ke nan, kusan tan 9. Da buhun yau mai kilo 50, buhu 180 kacal. Tirela ɗaya ta sukari tana ɗaukar buhu 600. Wato sukarin da babbar kasuwar ƙasar Hausa ke karɓa a shekara guda cur bai kai sulusin tirela ɗaya ba. Dila ɗaya a Kasuwar Singa zai iya sayar da wannan kafin azahar in azumi ya matso.

5/ Farashi fa? Wuri 1,500 kantu ɗaya. Barth ɗin ya ce iyali na iya rayuwa cikin rufin asiri a Kano da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara, har da sutura. In ka raba, kantu ɗaya na sukari ya cinye cefanen gida na kusan kwana goma. To wane magidanci a Kusada ta 1851 zai jefa wannan cikin koko? Kayan sarakuna ne da attajirai da fataken Larabawa, a ba da shi kyauta ko a haɗa magani da shi.

6/ Kalmar ma baƙuwa ce. Sukari daga Larabci muka aro ta, Larabawa suka aro daga Farisa, su kuma daga Indiya, inda aka fara gano yadda ake dafa ruwan rake ya daskare ya zama ƙwayoyi. Alewa ma Balarabiya ce. Shayi haka. "Suga" da muke faɗa a ciwon suga ita ce ƙanwarsu, ta zo daga baya tare da Turawa. Amma zuma, rake, takanɗa, maɗi, waɗannan sun daɗe a bakinmu.

7/ Kada wani ya ɗauka kakanni ba su san zaƙi ba. Sun san shi sarai, sai dai zaƙi ne mai kalanda. Kowane iri da lokacinsa. Garin ɗorawa a bazara. Ɗinya da damina ta yi nisa. Kanya da magarya da kurna da sanyi zuwa rani. Takanɗa da kaka. Goruba kuwa sai ka yi gwagwiya har muƙamuƙi ya gaji kafin ka samu abin da bai cika cokali ba. In lokacin abu ya wuce, shi ke nan, sai baɗi.

8/ Maɗi shi ne lemon kwalbarsu. A jiƙa ɗinya ko a matse rake, a tace, a dafa. In aka ci gaba da dafawa ya yi kauri sai ya koma alewa. Aiki ne na yini guda da itace mai yawa, don haka ba kullum ake yi ba.

9/ Zuma kuma sai an rataye amya a kan ɗorawa ko tsamiya, a jira wata da watanni, sannan a hau da dare da hayaƙi a sha harbi. Ba banza aka ce zuma da zaƙi da harbi ba. Abin da aka samu a zuba a ƙwarya ko tulu a ɓoye. Wani a sayar, wani a ajiye don magani, wani don ranar biki. Nakiya da alkaki da ake kai gara da zuma aka san su, kuma darajarsu ke nan: amarya ta tare da abin da gidan miji ba sa gani kullum.

10/ Kakata ta wajen uwa, mutuniyar ƙasar Kusada ce, tana yawan cewa suna yara fura da nono kawai suka sani, sai yaji da ke cikin furar. Koko da kunun tsamiya haka ake kurɓarsu da tsaminsu. Sukari in ya shigo gida, to akwai baƙo, ko mai jego, ko marar lafiya. Har yau in ta ga muna zuba cokali uku a kofi sai ta ce mun kashe furar.

11/ Kunun zaƙi ma da sunansa ya ce zaƙi, asalinsa babu sukari a ciki. Tsiron hatsi ake niƙawa, ko ɗanyen dankalin Hausa, a zuba cikin dafaffen ƙullu a rufe ya kwana. Sinadarin da ke cikin tsiron shi ke narka sitacin ya mayar da shi zaƙi. Ku riƙe wannan, don irin zaƙin da ke fitowa daga hatsi yana cikin waɗanda hanji ya fi karɓa ba gardama. Za mu dawo kansa.

12/ Rake kuwa an daɗe ana shuka shi a fadamu, ana sha ɗanye. Barth ya ga gonar rake kusa da Sakkwato da ya bi ta can daga baya. Amma mazarƙwaila da yawa irin wadda muka sani, mai injin matsa da doki ke juyawa, a zamanin Turawa ta bunƙasa, musamman a ƙasar Zazzau. Har gobe Maƙarfi da Kudan da Hunkuyi, da Ɗanja a nan kudancin Katsina, su ne gidan rake. Daga can take hawowa kasuwanninmu.

13/ Abin da ya karya tsadar sukari shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana ratso hamada da su daga Tarabulus, yanzu daga Legas suke zuwa cikin kwanaki. Kamfanoni irin su John Holt, da UAC daga baya, suka buɗe kantuna, suna sayen gyaɗa da auduga suna sayar da gishiri, kananzir, atamfa da sukari. Manomin da ya sayar da gyaɗa da kaka ya samu sulallan da zai taɓa abin da a da sai fada.

14/ Kankiya a kan titin Kano zuwa Katsina take, Gidan Mutum Ɗaya da Yashe na ƙasar Kusada su ma a bakin titi. Duk abin da ya sauka a Kano sai ya gifta ta gabanmu. Garin da mota ke tsayawa kuwa ba ya rasa mai shayi. Ni a ganina teburin mai shayi ya fi kowace masana'anta sauya cikin Bahaushe, domin a nan ne abubuwa uku da kakanni ba su taɓa haɗawa a karin kumallo ba suka haɗu a kofi da faranti ɗaya: sukari, madarar gwangwani, burodin alkama.

15/ Wani abin dariya: sukarin ƙwaya na St. Louis da iyayenmu ke ji da shi, na Faransa ne, sunan wata unguwa ce a birnin Marsai inda aka kafa matatar. Wato shekara ɗari da ɗoriya bayan raƙuman Barth, sukarin Faransa dai muke sha, hanya ce kawai ta sauya.

16/ Bayan samun 'yanci gwamnati ta so mu riƙa yin namu. Aka kafa kamfanin sukari a Bacita ta jihar Kwara ta yau, ya fara aiki a 1964. Aka yi na Savannah a Numan. Na Bacita ya durƙushe, na Numan kuma Ɗangote ya saye shi a farkon shekarun 2000, lokacin da ya buɗe matatarsa a Apapa. BUA ya biyo da tasa a 2008. Yau Najeriya na shan fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, kuma mafi yawansa ɗanye ake shigo da shi daga Barazil a tace a Legas. Daga tan 9 ke nan fa.

17/ Lemon kwalba ya bi ta tasa hanyar. An kafa kamfanin da ke yin Coca-Cola a Najeriya a 1951. Da farko abin biki ne da tarbar baƙo, a kawo a faranti da kofi. Yanzu ɗan sakandare na karyawa da shi. Har ta kai dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi.

18/ Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki: kayan zaƙin da muke kira "na gargajiya" a yau, da yawansu jikokin kanti ne. Tuwon madara, alewar madara, gullisuwa, duk madarar gari ce da sukari. Iloka haka. Zoɓo da kunun aya na leda an cika su da sukari. Alkaki da nakiya ma a gidaje da yawa ruwan sukari ya maye gurbin zuma. Kakar kakarka ba za ta gane rabin tiren mai tallan alewa ba.

19/ To wannan shi ne tarihin baki. Mu gangara ciki.

20/ Akwai wata larura da likitoci ke taƙaita sunanta da IBS. Ni zan kira ta rikicin hanji. Mutum ya yi ta fama da ciwon ciki da ke tafiya yana dawowa, kumburi, ƙugi, iska, yau gudawa gobe taurin bayan gida, ko ɗaya daga ciki ya zauna masa. A yi hoto, a yi gwajin jini, a leƙa hanjin da na'ura, a ce ba a ga komai ba. Ciwon kuma na nan, ba ƙarya yake ba.

21/ Ma'aunin likitoci, wanda aka sabunta a 2016 kuma ake kiransa da sunan birnin Rum, ya ce: ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a mako cikin wata uku da suka wuce, mai alaƙa da aƙalla biyu daga cikin waɗannan: fita bayan gida, sauyin yawansa, sauyin kamanninsa, kuma abin ya faro aƙalla wata shida baya. Matsalar tana tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa ne. Hanjin ya cika jin abu. Iskar da wani zai ɗauka bai ma sani ba, shi sai ta naɗe shi a tabarma.

22/ A lura da kyau: sukari ba shi ke haddasa wannan larura ba, zuma ma haka. Abinci tsokano ta yake yi. Daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ta akwai gudawa mai tsanani ta ƙwayoyin cuta. Kusan mutum ɗaya cikin goma da suka yi irin wannan gudawa hanjinsu ba ya komawa daidai da wuri. Ku tuna yadda amai da gudawa ke mana kowace damina. Damuwa da rashin barci su ma suna hura wutar, shi ya sa makon jarabawa layin banɗakin hostel ke tsawo.

23/ An daɗe ana cewa ciwon Turawa ne. A shekarun 1970 wani likita ɗan Ailan da ya yi aiki a Yuganda, Denis Burkitt, ya yaɗa ra'ayin cewa mutanen karkarar Afirka sun tsira daga cututtukan hanji da yawa saboda abincinsu na da dusa da harza. Akwai gaskiya a maganarsa, amma ta sa an daɗe ba a neme ta a wurinmu ba. Da aka zo aka bincika tsakanin ɗaliban jami'a a Ibadan da Jos, sai ga ta jingim.

24/ A Kankiya ko Kusada da wuya ka ji an kira ta da sunanta. Olsa za a ce. Ko taifot. Ko basir. Ko sanyi, ko dattin ciki. Na san masu shan maganin taifot sau uku sau huɗu a shekara saboda gwajin Widal, gwajin da likitoci da kansu ke cewa shi kaɗai ba ya tabbatar da komai a ƙasar da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar. Kuɗi na tafiya, maganin kashe ƙwayoyin cuta na ƙara hargitsa hanjin, mai ciwo na nan jiya i yau.

25/ Tsofaffinmu dai sun lura da wani abu tun tuni, don sun ce shan zaƙi na kawo basir, har mai ciki ana hana ta zaƙi. Bayaninsu daban ne da na asibiti, amma idonsu ya ga alaƙar zaƙi da ciki. Inda aka samu tangarɗa shi ne da aka ɗaure duk zaƙi a dami ɗaya. Hanji kuwa yana bambancewa.

26/ Ga yadda abin yake. Akwai ƙananan sukari iri biyu da suka fi yawa a abincinmu: gulukos da furuktos. Gulukos ƙaramin hanji na tsotse shi da sauri, ba ya barin saura. Furuktos ƙofarsa ƙarama ce, a hankali yake shiga. Amma in suka zo tare daidai wa daida, gulukos na taimaka masa ya wuce. Kamar fasinja ne marar kuɗin mota da abokinsa ya biya masa.

27/ Farin sukari, da mazarƙwaila, da ruwan rake, duk asalinsu ɗaya: rabi gulukos rabi furuktos. Kowa da abokinsa. Zuma kuwa a matsakaici furuktos ɗinta kusan kashi 38 cikin ɗari ne, gulukos kusan 31. Akwai rarar da ba ta da mai biya mata.

28/ Wannan rarar ita ke wucewa ba a tsotse ta ba. A hanya tana jan ruwa zuwa cikin hanji. In ta isa babban hanji, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a can su far mata su ruɓar da ita, iska ta taso. Ruwa da iska a hanjin da dama ya cika jin abu: kumburi, murɗa, gudu zuwa banɗaki. Mai lafiyayyen hanji zai sha cokali biyu na zuma ya yi gyatsa ya wuce abinsa. Mai rikicin hanji na iya rasa laccar safe.

29/ Masu bincike biyu a Jami'ar Monash ta Ostareliya, Peter Gibson da Sue Shepherd, su suka tattara irin waɗannan abubuwa masu wuyar tsotsewa suka ba su suna ɗaya, FODMAP, a 2005. A jerinsu zuma na cikin masu tsokana in ta wuce kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Farin sukari daidai misali ba ya ciki. Haka zaƙin da ke fitowa daga hatsi, irin na kunun zaƙin asali da na ce ku riƙe. Gero, dawa, masara da shinkafa duk suna cikin masu sauƙi.

30/ Wato shawarar nan ta "bar sukari ka koma zuma", ga mai wannan larura, tana iya zama gudun gara a faɗa gidan zago. Har na kan ce a raina, mai sayar da jabun zuma da ya dafa sukari ya zuba a kwalba ya cuci aljihunka, amma wataƙila ya tausaya wa hanjinka bai sani ba. Wannan ba izini ba ne, Malam mai zuma, a ji tsoron Allah.

31/ Na san abin da wasu ke shirin rubutowa, don haka bari in riga ku. Allah Ya ambaci zuma da waraka a Suratun Nahli, aya ta 69. Hadisin mutumin da ɗan'uwansa ke gudawa, Annabi (SAW) ya yi umarni a shayar da shi zuma, yana cikin Bukhari da Muslim. Babu mai ja da wannan. Amma ku duba sharhin malamai. Ibn Kasir ya kawo bayanin cewa lafazin ayar bai nuna zuma ce maganin kowace cuta ba. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya ce gudawar mutumin daga cushewar ciki ce saboda yawan ci, ya kuma tsaya a kan cewa magani sai adadinsa ya dace da cutar: in ya gaza bai warkar ba, in ya zarce ya jawo wata illar. Magana ce ta gwargwado da sanin irin ciwon, kuma malaman sun riga mu faɗa.

32/ Tunda ana maganar zuma: jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, likitoci sun hana a ba shi ita, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. A gaya wa masu jego da kakanni.

33/ Dabino fa? Ɗaya, biyu, uku na buɗa baki yawanci lafiya lau. Cika hannu ana kallon fim, ko a markaɗa shi da yawa cikin kunun aya a ce ai babu sukari, nan ne ake samun matsala, don yana da nasa abubuwan da ke ruɓa a babban hanji. Mangwaro da kankana su ma suna da rarar furuktos. Ku duba faranti a lokacin azumi: dabino, kankana, kunu da zuma, ƙosai, lemo mai sanyi, duk cikin minti goma a kan hanjin da ya yini a bushe. Sannan a ce tarawihi ta yi nauyi.

34/ Cingam da alewar da aka rubuta wa "babu sukari" su ma a yi hattara. Abin da ake sa masu, irin su sobitol, hanji ba ya tsotse shi sosai. Wasu fakitin ma an rubuta a jiki cewa in aka sha da yawa yana sa gudawa.

35/ Sai madara, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Sukarin da ke cikin madara, laktos, sai da wani sinadari a hanji ake narka shi, kuma yawancin mutanen duniya sinadarin na raguwa bayan yaye. A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, da abokan aikinsu suka gwada ƙabilun Najeriya. Fulani makiyaya mafi yawansu na narka shi har girma. Yarabawa kusan duka ba sa iyawa. Hausawan gari mafi yawansu ba sa iyawa.

36/ A ƙasa irin tamu da Hausawa da Fulani suka cakuɗa tun kafin jihadi, a gida ɗaya za ka samu mai iyawa da marar iyawa. To me ya sa fura da nono ba ta dami kakanni ba? Domin nono ya kwana ya yi tsami, ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun riga sun cinye wani kaso na laktos ɗin. Madarar gari da ta gwangwani kuwa da laktos ɗinsu cif suke zuwa. Shayi mai kauri, tuwon madara, da "nonon" da aka dama da madarar gari, duk ba abu ɗaya ba ne da abin da ke cikin ƙwaryar Bafulatana ta da.

37/ Kada a ɗora wa zaƙi laifin duniya. Albasa, tafarnuwa, wake da alkama suna cikin manyan masu tsokana, kuma babu mai zaƙi a cikinsu. Mutum na iya barin sukari gaba ɗaya, ya ci burodi da wake da safe, taliya da ɗanyar albasa da rana, cikinsa ya ci gaba da kiɗa, ya ce asiri aka yi masa.

38/ Kada kuma wani ya ɗauki hoton rubutu na 29 ya ce ɗalibi ya halatta sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke samu a rana, wato kamar giram 50 ga babba, ƙaramin cokali 12. Zuma na cikin wannan lissafi, ba a ware ta ba. Robar lemo ɗaya na iya cinye kusan duka. Ciwon suga da ruɓewar haƙori ba ruwansu da ko hanjinka ya karɓa. Farin sukarin ma in ya yi yawa a zama ɗaya yana fin ƙarfin hanjin.

39/ Ga abin da nake ganin tarihin nan ya nuna. Masu cewa a koma irin na kakanni sun kama sunan abincin sun saki adadin. Zumar da kakanni suka sha lasa ce, a wata ko a shekara. Mu kuma muna so mu ɗauki yawan da tirela ta koya mana, cokali uku safe da yamma, mu zuba zuma a gurbinsa. Babu wani zamani a tarihin Kusada da talaka ya sha zuma haka. Wannan sabon abu ne fil, tallan intanet ya kawo shi, da kwalba mai tambari da lambar waya.

40/ Wanda ya ga kansa a bayanin nan, matakin farko asibiti ne, ba kemis ba. A wurinmu dole a fara kawar da tsutsar ciki, atini, da ƙwayar da ke kawo gyambon ciki, don suna kama da juna. In kuwa akwai jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko zazzaɓi, ko ƙarancin jini, ko ciwon na tayar da kai daga barci, ko ya fara ne bayan an manyanta, ko wani a dangi ya yi kansar hanji, to wannan ba a jira. Akwai babban asibiti a Kankiya, akwai asibitin koyarwa na tarayya a Katsina.

41/ In likita ya tabbatar rikicin hanji ne, tsarin na Monash mataki uku ne. A rage masu tsokanar na mako biyu zuwa shida. Sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne kwana biyu uku, ana rubuta abin da ciki ya ce. Daga nan kowa ya san nasa. Bincike ya nuna tsakanin rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na masu gwadawa suna samun sauƙi. Ba a zama a matakin farko har abada, don ƙwayoyin hanji masu amfani da waɗannan abubuwan suke rayuwa. Wani zai gano zuma ce kawai, wani madara, wani albasa, wani kuma zai ga abinci ba shi ne babbar matsalarsa ba, damuwa ce.

42/ Abin sauƙin shi ne tuwon dawa, tuwon masara, fura, koko, shinkafa, miyar kuɓewa, kifi, nama da ƙwai duk suna gefen masu sauƙi. Ba sai an sayi wani garin waje mai tsada ba. Littafi ɗaya na naira kaɗan da biro ya isa a fara rubuta abin da aka ci da abin da ya biyo baya.

43/ Wanda Allah Ya bar masa kaka ko kakan da ya haura tamanin, a Rimaye ne, Kafin Soli, Tafashiya, Yashe, Kofa ko Mawashi, ya tambaye su yaushe suka fara ganin sukari a gidansu, wa ya kawo, kuma da me aka sha. Ku ajiye mani amsar a ƙasa da sunan garin, zan haɗa su a zare na gaba.